Yadda ake ɗaura wa mota tiraka da ƙararrawa don kare ta daga ɓarayi

Daga garin Sakkwato zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, daga Illela kuma Ƙonni tana kusa. Motar da aka ɗauke a bakin masallacin Juma'a, kafin mai ita ya gama tambayar masu sayar da ruwa ko sun ga wanda ya ja ta, ta wuce Kware ta doshi Gwadabawa. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini mota nake fara gaya masa cewa tiraka ba ta hana sata. Aikinta ta sanar da kai da wuri, ta nuna maka inda motar take, muddin ɓarawo bai gano ta ba, layin cikinta kuma yana da rai. Ƙararrawa da ƙarfen sitiyari su ne ke ɓata wa ɓarawo lokaci. Sai an haɗa su duka ake samun abin da ake so.

Ni rewaya ne, wayar mota ce sana'ata. Bayanin nan zai yi wa mai ƙaramar mota, da mai Sienna ko Sharon ko Hilux, har da mai bas ɗin da aka gyara cikinta aka sa katifa da fanka da batir na biyu don kwana a hanya. Ko ba da hannunka za ka yi ba, ka karanta, don ka san abin da za ka tsaya a kai ranar da ake yi maka.

Kayan da za ka tanada

Tiraka mai waya huɗu, wadda ke zuwa da rile, wato maɓallin da tiraka ke dannawa daga nesa don kashe mota. Waɗanda suka cika kasuwa 'yan China ne, irin su GT06 ta Concox, da TK103 da TK303 na Coban, da na Sinotrack. Akwai Teltonika ta ƙasar Lituweniya, ta fi tsada, kuma kamfanoni masu karɓar kuɗin shekara sun fi ɗaura ta. Kowacce za ka saya, ka tabbatar tana da ƙaramin batir a cikinta. Mai waya biyu tana nuna wuri kawai, ba ta kashe mota. In ka samu mai 4G wadda ke komawa 2G idan sabis ya yi rauni, ita ce gaba.

Layin waya sabo, mai rajista da sunanka.

Ƙararrawa cikakkiya: ƙwaƙwalwarta, da jiniya, da na'urar jin girgiza, da rimot biyu, da maɓallin bonet.

Mita ta auna wuta, filaya, abin feɗe waya, sukudireba, sifana mai lamba 10, ƙarfen dalma da dalmarsa, salatif baƙi mai kyau, igiyoyin roba na ɗaure waya, da fiyus na amfiya 2 tare da gidansa.

Ƙarfen kulle sitiyari ko na kulle feda.

In ba ka da mita, ka ara. Ƙwan gwaji da yaran gareji ke tsira wa waya yana yi a tsohuwar mota, amma a motar da ke da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar mota, yana iya ƙona abin da ya fi tirakar tsada. In babu ƙarfen dalma, ka feɗe wayar da ɗan tsawo, ka raba zaren tagullar gida biyu, ka zura ɗayar wayar ta tsakiya, ka murɗe sosai, ka naɗe da salatif, sannan ka ɗaure da igiyar roba a kai.

1. Fara da takarda da kamara

Kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya, rubuta lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, za ka gan su a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Rubuta lambar inji da lambar mota. Ɗauki hoton motar ta kowane gefe, da duk wata alama da ta bambanta ta da 'yan'uwanta: lotsawar bamba, tsagewar fitila, ƙonewar kujera. Ɓarawo yana canza lamba cikin minti biyar, yana sake fenti cikin kwana biyu, amma ba ya tunawa da tabon da ke ƙarƙashin kafet.

Takardun asali su zauna a gida, kwafi ya zauna a mota. Ka yi wa motar rajista a kundin motoci na 'yan sanda, wato CMR, wanda yanzu ake yi ta intanet. In akwai hali, a zana lambar shasi a gilasan motar.

In ta hannu ka saya, abu biyu ne a gabanka. Na farko, makulli nawa aka ba ka? In ɗaya ne, ɗayan yana hannun wani, don haka a canza makullan ƙofa da na tayarwa, in kuma makulli mai guntun lantarki ne a goge tsohon daga ƙwaƙwalwar motar. Na biyu, a bincika ko akwai tsohuwar tiraka a ciki. Nakan ci karo da su a motocin da aka sayo daga Kano da Legas, suna nan da ransu, suna aika wa wani da ba ka sani ba inda kake kwana.

2. Layin waya

Nan ne mafi yawan tirakoki ke mutuwa, ba a wajen haɗa waya ba. Tun watan Disamba na 2020 hukumar NCC ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, don haka layin da mai ɗaurawa ya ciro daga aljihunsa ya saka maka ba naka ba ne. Ranar da aka rufe shi ba ka da bakin magana a ofishin kamfanin, kuma mai sunan yana iya zuwa ya sake karɓar layin. Ka je da kanka ka yi rajista.

Zaɓi kamfanin da sabis ɗinsa ya fi ƙarfi a hanyoyin da kake bi, ba a ɗakinka ba. Saka layin a wayarka tukuna, ka kira wani, ka tura saƙo, ka buɗe intanet, ka cire lambar kulle layi in akwai, ka kashe saƙonnin talla da waƙar kira masu cinye kati. Tiraka tana buƙatar data da kati duka biyu: data don taswira, kati don saƙon tes da za ta turo maka. Ba ta da ci, megabait 100 a wata ya ishe ta har da saura. Matsalar ita ce mantuwa. Layin da ya yi wajen wata shida ba motsin kuɗi a kansa kamfani yana iya tsayar da shi, daga baya ya sayar wa wani. Ka ajiye lambar a wayarka da sunan da ba zai tona ta ba, ka sa rana ɗaya a kowane wata ta tura mata kati.

3. Gwada ta a waje kafin ka ɓoye

Saka layin, jona jar waya da baƙa a kan batir, ka ajiye tirakar a fili inda take kallon sama. Kada ka yi gwajin a ƙarƙashin rumfar kwano. Taurarin ɗan'adam na GPS suna nesa da ƙasa da kimanin kilomita 20,000, saƙonsu yana isowa da rauni, kuma sai na'ura ta kama aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Yana ratsa roba da gilashi da soso, ba ya ratsa ƙarfe. Ba ta 'yan mintoci a karon farko.

Kowace tiraka da yarenta, yana cikin 'yar takardar da ke kwalin. Don ta san lambarka, a Coban za ka tura wa layinta saƙon tes na begin123456, sai admin123456 tare da lambar wayarka. A GT06 kuwa CENTER,A, sai lambarka da alamar # a ƙarshe, WHERE# kuma ita ce tambayar ina kike. Sai ka gaya mata ƙofar intanet ta layin: ta MTN ita ce web.gprs.mtnnigeria.net, ta Glo gloflat, ta Airtel internet.ng.airtel.com. Gyara mata agogo, Najeriya awa ɗaya take gaba da GMT, in ba haka ba tarihin tafiyarka zai riƙa nuna lokacin wata ƙasa.

Yanzu ka canza lambar sirri, ta saƙo da ta manhajar tirakar da ke wayarka. Yawancinsu da 123456 suke fitowa daga masana'anta, kuma duk yaron da ya taɓa riƙe wa rewaya fitila ya san haka. In wani ne ya ɗaura maka, ka gode masa, ka biya shi, ka koma gida ka canza, ka duba jerin lambobin da aka ba izini ka goge duk wadda ba taka ba. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Malam, ai na yarda da kai." Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma na yarda da kaina, amma wayata a kan benci take kwana, yara biyar ke taɓa ta."

4. Wurin ɓoyewa

Ɓarawon da ya san aikinsa yana da wurare uku da yake fara leƙawa: ƙarƙashin sitiyari kusa da akwatin fiyus, bayan rediyo, da bayan akwatin ajiya na gaban fasinja. Can ne mai gaggawa ke cusa tiraka, don wuta na kusa kuma ba sai ya kwance komai ba. In aikin ya ƙare cikin minti ashirin, to a ɗaya daga cikin ukun nan take.

Ba zan lissafa wuraren da nake sawa ba, dalili a fili yake. Ga dai sharuɗɗan wuri mai kyau. Samansa roba ko soso ko gilashi ne, ba ƙarfe ba. Hannu ba ya kai wa sai an kwance abu biyu ko uku. Ruwan wankin mota ba ya isa. Ba ya kusa da sifika ko jakar iska. Kuma ba ya cikin rana. Wannan na ƙarshe a Sakkwato ba wasa ba ne: daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, saman dashbod na motar da aka rufe a rana kuwa yana iya kai wa 70. Ƙaramin batirin cikin tiraka yana kumbura, gam mai fuska biyu yana narkewa, sai ka ji abu yana ƙwanƙwasa a cikin dashbod duk lokacin da ka faɗa rami. Ɗaure ta da igiyar roba, fuskar da aka rubuta ta kalli sama tana sama. Rufe 'yan fitilunta da salatif, don da dare haskensu yana fitowa ta ramin iska.

Wayoyin ma su ɓuya. Sabon salatif mai sheƙi a tsakiyar tsofaffin wayoyi masu ƙura shi ne ke kai ɓarawo har inda take. Ka bi da su ta cikin damin wayoyin motar na asali, ka naɗe da irin naɗin da ka tarar, in ya yi sabo da yawa ka shafa masa ƙura.

5. Haɗa wuta

Da mita za ka nemo wayoyi biyu. Ta farko mai wuta kullum: ko an zare makulli tana nuna wajen volt 12 da ɗigo. Ta biyu mai bin makulli: sifili in mota a kashe, 12 in an murɗa. Yi musu alama. Sannan ka kashe motar, ka cire kan batir na baƙar waya, ka jira aƙalla minti biyu. Duk waya ko soket mai launin ɗorawa da ka gani a ƙarƙashin sitiyari ko kujera na jakar iska ne, ko da wasa kada ka taɓa. In Honda ce mai rediyon asali, ka nemi lambar buɗe rediyon kafin ka cire batir.

Jar wayar tiraka ta tafi wuta kullum, ta cikin fiyus ɗin nan na amfiya 2. Baƙa ta tafi jikin ƙarfen mota, a kan kusoshi mai tsabta da aka kankare wa fenti. Ta uku, ruwan lemo a GT06, fara a wasu Coban, ta tafi wayar makulli, ita ce ke sa a san an tayar da mota. Launi yana bambanta, takardar kwalin ita ce alƙali.

Kada ka ɗauki wuta daga fitilar rufi ko wayar rediyo. A motoci da yawa ƙwaƙwalwa tana yanke musu wuta bayan an rufe ƙofa, sai tirakar ta koma kan ɗan batirinta ta mutu cikin 'yan awanni. Tirakar da ake tsirawa a soket ɗin gwajin kwamfuta na ƙarƙashin sitiyari kuwa ta lissafin tafiyar direba ce, ɓarawo da yatsa biyu zai zare ta.

6. Rile na kashe mota

Rile maɓalli ne da tiraka ke dannawa daga nesa. Ƙafafunsa suna da lamba. Nemo wayar da ke kai wa famfon mai wuta, galibi ta bi gefen ƙofa zuwa ƙarƙashin kujerar baya. Za ka gane ta da mita: tana kawo wuta na daƙiƙa biyu in an murɗa makulli, a wasu Toyota kuma sai ana kik. Yanke ta, ka kai baki ɗaya ƙafa ta 30, ɗayan ƙafa ta 87a. Sauran ƙafafu biyu, 85 da 86, ɗaya ta tafi wayar makulli, ɗaya ta tafi wayar rile ta tiraka. Dalilin zaɓar 87a shi ne a haɗe take kullum, ko tirakar ta lalace motarka za ta tashi. Wanda ya sa a 87 zai kwana a hanya ranar da tirakar ta mutu. Babbar mota mai volt 24 tana son rile na 24.

Rilen kada ya zauna wuri ɗaya da tirakar. In an gano ɗaya, kada a gano ɗayan.

A tsohuwar mota mai kafireto wayar kwayil ake yankewa, a tsohon dizal kuma wayar da ke buɗe mai a jikin famfon injekta. Sababbin motoci masu tayarwa da maɓalli, musamman masu haɗa fetur da batir, ka bar wa wanda ke da zanen wayoyinsu. In kana tsoron taɓa famfon mai, yanke siririyar wayar kik. Ba za ta kashe motar da ke tafiya ba, amma da zarar ɓarawo ya kashe ta ba za ta sake tashi ba, kuma ni na fi son wannan ga motar da iyali ke shiga.

Ga dalili. Inji in ya mutu a guje, sitiyari yana yin nauyi, birki yana taurare bayan taku ɗaya ko biyu. A kan titin Gusau, tsakanin tireloli da 'yan kabu-kabu, wannan kisa ne. GT06 ta asali ba ta yanke mai sai gudu ya sauka ƙasa da kilomita 20 a awa, amma jabu ba ruwanta. Umarnin kashewa a GT06 shi ne RELAY,1# na kunnawa RELAY,0#, a Coban kuma stop da resume tare da lambar sirri. Gwada su a tsaye a ƙofar gida, kuma kada wayarka ta zama abin wasan yara.

7. Ƙararrawa

Ƙwaƙwalwarta ta hau can sama cikin dashbod. Jiniya ta shiga ɗakin inji, nesa da salansa, bakinta yana kallon ƙasa don kada ruwa ya taru, kuma a inda hannu ba zai kai ga wayarta ta ƙarƙashin mota ba. In ka samu jiniya mai batirin kanta, saya, don ko an cire kan batir za ta ci gaba da ihu. Haɗa wayar ƙofofi, da ta but, da ta sigina. Kada ka tsallake maɓallin bonet, yawancin masu ɗaurawa a kwali suke barinsa, alhali bonet ake fara buɗewa.

Na'urar jin girgiza a ɗaure ta a jikin damin waya mai kauri ko sandar sitiyari, sai ka saita ta. Kulle motar, ka bugi taya da ƙafa: ta yi 'yar ƙara ta gargaɗi. Bugi ginshiƙin gilashi da tafin hannu da ƙarfi: ta saki jiniya. In tana tashi don tifa ta wuce ko an yi tsawa, rage ta. Ƙararrawar da ke ihu sau uku kowane dare, cikin mako ɗaya maƙwabta sun daina leƙowa, maigadi ma ya daina ɗaga kai.

Akwai ɗan maɓallin da ke kashe ƙararrawa in rimot ya ɓata. Ɓoye shi, ka san inda yake.

Masu kwana a cikin mota, kamar 'yan kasuwar da ke bin kasuwannin Illela da Achida, su nemi ƙararrawar da ake iya kashe mata jin girgiza a bar na ƙofofi kawai, in ba haka ba duk juyin da ka yi a katifa sai ta tashe tasha. In akwai batir na biyu da sola, babbar tiraka ta zauna a batirin inji, in ka sa ta biyu kuma ta sha daga batir na biyun. Kuma kada a kwana da inji ko janareta a kunne gilasai a rufe, hayaƙinsu yana kashewa ko ba a ji warinsa ba.

8. Saita manhaja

Kunna sanarwa huɗu: an tayar da mota, an cire batir, an motsa ta ba makulli, ta fita daga da'irar da ka zana mata a taswira. Ka sa su zo ta saƙon tes ko kira, ba ta manhaja kaɗai ba, don datar wayarka tana iya ƙarewa da tsakar dare. Zana ƙaramar da'ira a gida da wurin aiki, faɗin mita 200 zuwa 300, kada ta fi haka ƙanƙanta don GPS yana ɗan yawo ko mota na tsaye. Sai babbar da'ira da ta kewaye gari, bakinta wajen Kware ta arewa, Kwannawa ta hanyar Gusau, Bodinga ta hanyar Jega. Ƙara lambar mutum ɗaya da ka amince da shi, saboda in da bindiga aka karɓi mota, da wayarka ake haɗawa. In direba ke jan motar, ka gaya masa akwai tiraka, ba sai ka gaya masa inda take ba. Motar da ba taka ba kuwa, ba ka da hurumin sa mata.

9. Abin da ke bayan na farko

Tiraka tana da makafin wurare. Inda babu sabis tana ajiye bayanin tafiya a cikinta, sai ta samu sabis ta turo. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, duk motar da ta shiga yankunan nan ɓacewa take yi daga taswira. In ta tsallaka Nijar ma shiru ne, sai in an buɗe wa layin yin aiki a ƙasar waje kuma akwai kati a ciki. Ka buɗe shi tun yanzu. Akwai kuma na'urar toshe sabis da wasu ɓarayi ke tsirawa a wurin kunna sigari.

Saboda haka nake son tiraka ta biyu, mai batirin kanta da maganaɗisu, da layin wani kamfani dabam, a can wani ɓangare na motar. Tana barci, sai ta farka ta faɗi inda take, cajinta yana kai makonni. Ɓarawo in ya ciro ta farko hankalinsa yakan kwanta. AirTag, 'yar na'urar gano wuri ta Apple, yana taimakawa a cikin gari, amma ya dogara ne da wayoyin iPhone da ke wucewa kusa, a ƙauye ba su da yawa, kuma yana sanar da wayar wanda ke tafe da shi.

In kuɗi bai kai ga duk wannan ba, fara da ƙarfen sitiyari da ɓoyayyen maɓalli a wayar famfon mai, su biyun ba su kai kuɗin cika tanki ba. Mai makullin da ba a tsirawa ya riƙa ajiye shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, nesa da ƙofar gida, don gwangwanin ya tare saƙon da makullin ke aika wa motar. Gwada: in ka tsaya jikin motar da gwangwanin a rufe ƙofa ta ƙi buɗewa, ya yi. A wurin wanki da wurin biki kuma makulli ya zauna a aljihunka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

10. Gwaji da kulawa

Mayar da batir, ka zaga gari, wani yana kallon taswira a gida. Cire kan batir ka ga ko saƙo zai shigo. Bayan an kulle mota ta yi rabin awa, auna wutar da take sha a kashe, kada ta wuce miliamfiya 50 sosai. Mai tafiya aikin Hajji ko wata doguwar tafiya ya bar wanda zai riƙa zagayawa da ita sau ɗaya a mako. Duk wata ka tura mata saƙo ka ga ta amsa. Duk lokacin da ta dawo daga hannun makanike ko mai fenti ka sake gwadawa. Bayan hunturu ka goge maɓallin bonet, ƙura tana hana shi aiki.

Ranar da abin ya faru

In da makami aka zo, miƙa makulli, kada ka yi gardama, kada ka ambaci tiraka. Ka bari su yi nisa. Nemi waya ka shiga manhajar, ka ɗauki hoton taswira da lokaci. Kira 112, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa da kwafin takardu da hotunan nan na mataki na farko, ka nemi a sanar da shingayen hanyar da motar ta dosa, in arewa ta yi har da jami'an kan iyaka na Illela. In motar haya ce, shugabannin tasha su ji da wuri, direbobinsu suna kan kowace hanya.

Kada ka kashe injin don zuciya. Jira ta tsaya ko ta rage gudu a wurin da jami'ai ke kusa. In ka kashe ta a dajin da ba mai isa, ka sanar da su akwai tiraka ne kawai, za su nemo ta su cire. In akwai wani naka a cikin motar, kada ka kashe sam sai da shawarar jami'an tsaro. In ka ga ta tsaya a wani lungu ta kwana, sau da yawa ajiye ta aka yi a ga ko za a biyo, kuma akwai mai kallo daga nesa. Kada ka tara 'yan'uwa ku tafi, kada ka sa taswirar a Facebook.

Ka sanar da kamfanin inshora a ranar. Inshorar dole ta naira 15,000 da ake yanka tun Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan sata. Mai biyan sata ita ce cikakkiya, akwai ta kuma a tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, ga mai son hakan.

In Allah ya sa an samo ta, ka karɓi takardar sakin mota daga 'yan sanda, ka tabbatar an cire ta daga jerin motocin da ake nema, don kada a tare ka da motarka a shingen Tureta. Sannan a canza makullai, a canza lambar sirri, a duba ko an ƙara mata wata na'urar da ba taka ba, tirakar kuma a sake mata wuri.